MOTA ƊAYA KO BIYU? YADDA SAUYIN HANYAR BAS YA SO YA RABA 'YATA DA MAKARANTARTA

Yau labarin mota na zo muku da shi, motar haya, wato bas. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "To mu ina ruwanmu da bas?" Ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu, domin wannan bas da kike rainawa saura ƙiris ta raba ɗiyata da makarantar da ta ƙwallafa rai a kanta, ta kuma sa ni da maigidana muka yi kwana uku ba mai yi wa ɗan uwansa dariya.

Aure ne ya kai ni Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Gari ne na ruwan sama da iska, kogin Liffey ya ratsa shi ya raba shi biyu, kudu da arewa. Akwai jirgin ƙasa da ke bin gaɓar teku mai suna DART, akwai kuma jirgin cikin gari mai suna Luas, amma abin hawan talaka da ɗan makaranta shi ne bas mai bene. Babu yaron mota mai kiran fasinja, kowace bas da lambarta a goshi. Ko dai ki taɓa katin Leap a jikin na'ura, ko ki zuba sulalla daidai kuɗin, don direba ba ya karɓar takardar kuɗi, ba ya kuma ba da canji.

Mu a wata unguwa muke can yammacin birnin. Bas ɗin unguwarmu kuwa, Allah Sarki, ba ta da sauri ko kaɗan. Sai ta leƙa wannan layi, ta kewaya wancan, kamar mai rabon goron biki, kafin ta kama hanyar cikin gari. Idan ta wuce ki sai ki nemi wuri ki zauna. Amma duk da haka muna ƙaunarta, saboda idan kika shiga kin shiga ke nan, sai inda za ki.

RANAR DA NA GA TASWIRA

A shekarar 2018 ɗiyata ta fari ta cika shekara 12, ta samu gurbi a wata sakandare ta 'yan mata zalla da ke kan hanyar shiga gari. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne bas ɗinmu tana tsayawa dab da ƙofar makarantar. Har mun sayi kayan makaranta an rataye.

Ran nan na je cefane wani babban kanti, sai na tarar da mutane sun yi cincirindo gaban wata ƙatuwar taswira. Ashe a watan Yulin shekarar hukumar sufuri ta ƙasa ta fito da wani shiri mai suna BusConnects, wanda zai rushe tsarin hanyoyin bas na birnin gaba ɗaya a sake zana sabo. Na kutsa na sa yatsa ina neman lambar bas ɗinmu. Na duba sama, na duba ƙasa, babu ita babu alamarta. Gabana ya faɗi ras! Wata ma'aikaciya ta matso cikin fara'a ta nuna mini cewa ƙaramar bas za ta ɗauke mu daga unguwa ta kai mu babban titi, a nan sai mu sauka mu shiga wata.

Nan take na tuna ƙuruciyata a Kano, lokacin da nake sauka a Bata in sake neman wata motar, yaran mota suna ta ihu, ni kuma ina damƙe da ragowar kuɗina a gefen mayafi ina lissafin ko za su kai ni gida. Duk wadda ta taɓa yin mota biyu zuwa makaranta ta san abin da nake nufi. Kuɗi biyu ne, jira biyu ne, faɗuwar gaba ma biyu ce.

Da daddare na kwashe labari na gaya wa maigida. Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Kina nufin yarinyar nan za ta sauka a bakin titi ta tsaya ita kaɗai? A garin da magariba ke yi ƙarfe huɗu?" Gaskiyarsa ne kuwa, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa a Dablin jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da yara ke kan hanyar gida, ba ta kuma fitowa sai wajen takwas da rabi na safe. Ya ce, "In haka ne a mai da ita makarantar nan ta kusa, ta riƙa tafiya a ƙafa."

Ashe yarinya tana laɓe tana ji. Sai ga ta ta fito hawaye shaɓe-shaɓe, ta durƙusa ta ce, "Abba don Allah ka yi haƙuri, wallahi zan kula da kaina." Ya ce shi ya gama magana. Ni kuwa na rasa bayan wa zan bi, tsoronsa tsorona ne, kukanta kuma kukana ne.

ME YA SA ZA SU TAƁA ABIN DA KE ZAUNE LAFIYA?

Da na ga kuka ba zai yi magani ba, sai na ce bari in fahimci abin tukuna, don an ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda hukuma ta ɗauko ya zana sabon tsarin wani Ba'amurke ne mai suna Jarrett Walker, masanin harkar sufuri, wanda da shi aka sake tsara hanyoyin bas na birnin Houston a Amurka a 2015. Da na nutsu na bi hujjarsu, sai na ga ba shirme ba ce.

Bari in kwatanta muku. A ce unguwarku tana da bas 6, kowace kuma tana cin awa ɗaya kafin ta je ta dawo. Idan aka ba kowace hanyarta daban, wannan ta tafi asibiti, waccan kasuwa, waccan jami'a, to kowa ya samu motar da za ta kai shi kai tsaye, amma sau ɗaya a awa. Idan kuwa aka jera duka shidan a kan babban titi ɗaya, duk minti 10 sai wata ta zo. Motocin ba su ƙaru ba, direbobin ba su ƙaru ba, amma jira ya ragu ƙwarai. Ladan da za a biya shi ne, wadda hanyarta ta karkace dole ta sauka a wani wuri ta sauya mota.

Haka suka tsara. Manyan titunan da ke shiga tsakiyar gari suka kira su ƙashin baya, kowane da harafinsa, a ƙarshe suka zama takwas, daga A zuwa H. Idan kina kan babban titi, duk bas ɗin da ta zo mai harafinku taki ce. Sai can gaba su rarrabu kamar reshen bishiya, a ga C1, C2, C3 da sauransu. Sannan ga masu zagaye, waɗanda ke haɗa unguwa da unguwa ba tare da sun shiga tsakiyar gari ba: N a arewa, S a kudu, W a yamma. A da kuwa, sau da yawa idan za ki unguwar da ke maƙwabtaka da ku sai kin shiga gari kin sake fitowa. Sai kuma ƙananan bas na cikin unguwa masu kai mutane ga manyan. A kan haka suka yi alkawarin kuɗin mota ɗaya tak na tsawon minti 90, ko mota nawa kika shiga.

A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai mai zane yana kallon gari ne daga sama, mai jira kuwa tana tsaye ne a ƙasa cikin ruwa.

TARON DA BA ZAN MANTA DA SHI BA

A wannan bazara 'yan siyasar unguwanni suka yi ta kiran taro, ɗakunan taro suka yi ta cika maƙil. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar ƙasar da mijinta ya rasu, wadda yarana ke kira Kaka, ita ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in zo mu je. A can na gane cewa kalmar nan ta "sauya mota" kowa da irin nauyin da take ɗora masa.

Kaka ba kuɗi ne damuwarta ba, don a ƙasar duk wanda ya kai shekara 66 kyauta yake hawa. Gwiwoyinta ne damuwarta. Ta miƙe da sandarta ta ce ita hawa ɗaya da sauka ɗaya ma da ƙyar take yi ranar asibiti, ina ga an ninka mata? Wani bawan Allah mai keken guragu ya ce gurbin keke ɗaya ne a cikin bas, idan ya tarar da wani a ciki sai ya jira ta gaba, yanzu ke nan sau biyu zai riƙa wannan caca a tafiya guda. Wata makauniya ta ce ta shekara da shekaru tana haddace hanyarta, taku nawa daga ƙofa zuwa wurin tsayawa, yanzu an ce ta tsallaka titin da ba ta sani ba ta nemi wata motar. Ma'aikata kuma suka ce da safe bas tana cika tun daga farkon hanya, to wanda aka sauke a tsakiya wa zai ba shi wuri? Masu biya da sulalla suka tambaya ko su ma alkawarin kuɗi ɗaya ya shafe su.

Ni da ban taɓa magana gaban taron Turawa ba, sai na ji hannuna ya ɗaga kansa. Muryata tana rawa na ce ni uwa ce, ina so in san wurin da za a sauke ɗiyata, akwai fitila? Akwai rumfa? Akwai mutane? Idan ta biyun ba ta zo ba, minti nawa za ta yi a tsaye? Da na zauna sai na ji mata suna tafi, wata ta dafa kafaɗata ta ce ita ma 'ya'ya mata uku gare ta. A ranar na san cewa tsoron uwa ba shi da ƙabila.

Aka ce kowa ya rubuta kukansa ya aika. Ni da ɗiyata muka zauna a teburin cin abinci, ina faɗa tana gyara mini Turanci. Muka rubuta namu, muka rubuta wa Kaka nata. Maigida yana gefe yana cewa, "Wa zai karanta?" Amma da ya ji cewa ba a wannan shekarar za a fara ba, sai ya sassauta ya ce ta fara zuwa makarantar, ranar da aka sauya hanya a sake zama. Yarinya ta yi ta tsalle kamar an ba ta kujerar Makka.

KUKAN JAMA'A YA YI AMFANI

Ashe ana karantawa. Sau uku ana fito da shirin ana sauraron jama'a, kuma saƙonnin da aka tara sun haura 72,000. A watan Oktoban 2019 aka fito da gyararren tsari wanda ya mayar wa unguwanni da dama motarsu ta kai tsaye zuwa cikin gari, aka ƙara wasu na musamman don lokacin fita aiki da tashi. A watan Satumban 2020 aka fitar da na ƙarshe, tare da alkawarin ƙara yawan zirga-zirgar bas da kashi 23 cikin 100. Wani abin hankali da suka yi shi ne ba su sauya garin a dare ɗaya ba, yanki-yanki suka bi. Sun fara da layin H mai zuwa Howth a watan Yunin 2021.

Kwanci tashi ba wuya a wurin Allah, ranar 28 ga Nuwamban 2021 layin C ya iso yammacin birni, a ranar kuma aka fara aiki da kuɗin minti 90. Ga yadda yake: daga lokacin da kika fara taɓa katinki, duk bas ko Luas ko DART da kika shiga kafin minti 90 su cika, ba za a sake cirar miki komai ba. Ba sai kin isa gida cikin minti 90 ba, abin da ake so ki taɓa katin a motar ƙarshe kafin lokacin ya ƙare. An fara da Yuro 2.30 ga babba, a watan Mayun 2022 aka rage zuwa Yuro 2, na yara kuma ya koma santi 65. Kafin wannan, kowace mota da kuɗinta, sai ɗan rangwame ga mai kati.

Amma fa mai kati kaɗai ke cin wannan gajiya. Ni kaina na taɓa mance katina a wata jakar, na zuba sulalla a motar farko, na shiga ta biyu ina washe baki, sai na tuna ashe sai na sake biya. Na yi ta lalube a jaka mutane suna jira a bayana, kunya kamar in nutse.

Mu dai unguwarmu ba ta tsira daga mota biyu ba. A lokacin yarinya ta kai shekara 15. Maigida bai manta da maganarsa ba, ya ce shi da kansa zai gani da idonsa. Mako guda cur yana bin ta safe da yamma, agogo a hannu, ita kuma tana ta noƙewa wai ƙawayenta za su yi mata dariya. Ran Juma'a ya dawo ya zauna ya yi shiru, can ya ce, "Wurin akwai haske, akwai kanti a buɗe, kuma yara sun fi goma da suke sauka tare. Ta babban titin ba ta daɗewa." Na ce, "To Abban yara, yaya ke nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ta ci gaba. Amma kullum in ta sauka ta kira ki." Wallahi ranar har sadaka na yi.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Duk tsarin nan a kan alkawari ɗaya ya tsaya, cewa mota ta biyu za ta zo da wuri. Ranar da ba ta zo ba, komai ya rushe. A 2022 ƙarancin direbobi ya addabi birnin, mutane suka yi ta kuka da abin da suka raɗa wa suna bas ɗin fatalwa: allo ya nuna saura minti 3, saura minti 1, sai lambar ta ɓace, titi kuma wayam. Abin ya kai har kwamitin majalisar dokoki ya kira shugabannin kamfanonin bas don su yi bayani. Wannan ƙarancin ya sa aka yi ta ɗaga ranakun fara sauran yankunan.

Wata ranar hunturu ɗiyata ta kira ni muryarta tana rawa saboda sanyi, ta ce, "Umma, ta unguwa ba ta zo ba, kowa ya watse." Na ce ta shiga kantin nan ta tsaya kusa da mai karɓar kuɗi, kada ta ajiye waya. Minti 25 muka yi ina jin numfashinta tana jin nawa, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har motar ta iso. Ban gaya wa babanta ba sai bayan kwana biyu.

Kaka kuwa, ita ce wadda sabon tsarin bai yi wa rana ba. Mota tana zuwa a kai a kai, kyauta kuma take hawa, amma gwiwa ba ta san wannan ba. Ranar asibitinta ni nake raka ta, in riƙe mata jaka a wurin sauyin, ta dafa ni ta hau. Takan ce, "Ku yara kun samu sauri, mu tsofaffi an ƙara mana matakala." Ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba.

Su ma mutanen gari ba su rabu da tsofaffin motocinsu cikin sauƙi ba. A watan Janairun 2025 aka yi ban kwana da bas mai lamba 46A, wadda ta yi kusan shekara 100 tana zuwa Dun Laoghaire a bakin teku, har sunanta ya shiga wata shahararriyar waƙar ƙasar. Layin E ne ya gaje ta, mai aiki dare da rana. Mutane suka yi ta zuwa hawan ƙarshe suna ɗaukar hoto kamar ana rakiyar amarya. A lokacin ɗiyata ta shiga jami'a, a kan wannan hanyar take bi. Yarinyar da aka yi wa faɗa a kan mota biyu, yau ita ke duba waya ta ce, "Umma, mu sauka a nan mu kama waccan, za mu riga su isa."

SHAWARATA GARE KU

Ƙannena, ko a wane gari kike, ranar da aka ce an sauya wa motocinku hanya, kada ki tsaya a kan "na ƙi" ko "na so" kawai. Ki tambaya: idan na sauya mota, sau nawa zan biya? Ta biyun minti nawa zan jira ta, ranar aiki da ranar hutu, safe da dare? A ina za a sauke ni, kuma wa ke wurin bayan magariba? Idan amsoshin nan sun yi kyau, mota biyu tana iya fin ɗaya sauri. Idan ɗaya ta gurgunce, mace da tsoho da mai lalura su ne za su fara ji a jikinsu.

Idan kuma an buɗe ƙofar jin ra'ayi, ki yi magana, ki rubuta, ki taya kakarki rubutawa. Da mutum 72,000 sun ce "wa zai karanta?" da taswirar farko ce ta tabbata.

Ke kuma mai mota biyu zuwa makaranta, ki ware kuɗin komawa gida daban, kada ki taɓa su ko don awara. Ki nemi abokan tafiya 'yan unguwarku. Ki tsaya inda ke da haske da jama'a. Wanda duk ya tsaya da motarsa ya ce zo in rage miki hanya, in ba muharraminki ba ne ki ce kin gode, jiran awa ɗaya ya fi nadamar shekara. Iyaye kuma, don Allah kafin a cire yarinya daga makaranta saboda nisan hanya, a bi ta a ga hanyar da ido tukuna, kamar yadda Abban yarana ya yi. Da ya tsaya a kan maganarsa ta farko, da ban san inda karatun yarinyar nan zai tsaya ba.

Allah Ya tsare mana ku a fitarku da dawowarku, Ya ba ku ilimi mai albarka da mazaje nagari. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.